Hamadar Masawudu a Kan Tebur

Edmonton, London
9 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga Yaya Zuberu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Fagge. Mu nan ƙalau muke, sai sanyi da ya fara leƙowa. Matata Saudatu ta yi mura, amma da sauƙi.

Na san kana juya takardar nan kana tambayar wane ne. Sunana Masawudu, ɗan Abdul-Rahaman na zangon Kumasi, jikan Madugu Osmanu wanda ya bar Kano da ayarin fatauci bai koma ba. Kakarka Ajara ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Gwaggo Hamdatu ce ta ba ni adireshinka. Ta ce kun haɗu a Makka bara, kuma shekara ashirin da biyu ke nan kana jan babbar mota daga Kano zuwa Agadas har gaba. Da na ji haka sai da na miƙe tsaye don murna. In ka ga Hausata ta daidaita, aikin Saudatu ne. 'Yar Zariya ce, ita take bin bayana da jan biro.

Ga abin da ya sa na neme ka. Ina aiki a wani shagon talabijin da firji. Ranar Asabar da rana kuwa ina zuwa wani club a saman laburaren unguwarmu. Duk manya ne, har da masu furfura. Muna da 'yan sojoji na dalma, kowanne bai kai rabin ɗan yatsa ba. Mu yi musu fenti, mu jera su a kan babban tebur, mu sake buga yaƙe-yaƙen da aka yi tun da can, da tef ɗin awo da ƙwayar lido. Ba caca ba ce, kada hankalinka ya tashi.

Ranar 18 ga Maris akwai babban baje-koli na masu wannan wasa, kuma club ɗinmu teburin hamada zai kai, ƙafa takwas a tsaye, shida a kwance. Wanda ya fara gina duwatsun ya kawo su makon jiya, toka-toka, kamar dankalin da aka zubar. Sai bakina ya riga hankalina, na ce ai duwatsun hamada ba haka suke ba. Kowa ya juyo. Sakatariyarmu Margaret ta ce, "Ka san hamada ne, Masawudu?" Na ce kakana madugu ne, a cikinta na tashi.

Yaya, ban taɓa ganin hamada ba. A Kumasi aka haife ni, inda ruwan sama ba ya neman izini. Ko Tamale da ke arewacinmu ban taɓa takawa ba. Amma nan take suka danƙa mini teburin gaba ɗaya, har da tafi.

Akwai wani dattijo a cikinmu, Ephraim, tela ne daga Whitechapel da ya ajiye aiki, ya kusa saba'in. Shi ya ja motar ɗaukar ruwa a hamadar Libiya lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya dube ni ta saman tabarau. Shi nake tsoro. Shekara shida ina ƙasar nan, wannan ɗakin ne kaɗai inda ake kiran sunana daidai, ake ajiye mini kujera. In ƙaryata ta tonu ban san da wane ido zan sake hawa benen ba.

Ka ara mini idonka don Allah. Yaya duwatsun suke? Ƙasansu, samansu, abin da ke zube a gindinsu, komai. Kada ka ce wani abu ya yi ƙanƙanta.

Ƙaninka da ba ka sani ba,
Masawudu


Fagge, Kano
6 ga Nuwamba, 1988

Zuwa ga taubashina Masawudu,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da ya nuna mana takardarka. Muna lafiya, sai gwiwata ta hagu da kuloci ya gama cinyewa. A gaida Saudatu, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma ba ta ladan gyaran Hausar Bagwanje.

Da wasiƙarka ta iso sai da aka yi taro a zaure. Shekara sittin ba wanda ya leƙo mu daga wajenku, rana ɗaya ga takarda daga London ana tambayar ƙasa da duwatsu. Dattawan gida suka ce gadon gidan Fagge ka biyo. Na karanta musu tun daga sama. Da na iso wajen 'yan sojojin dalma sai taro ya watse, wasu na dariya, wasu na yi maka addu'ar samun lafiya.

Kai jikan namiji ne, ni jikan mace, ka ga ke nan taubasai muke. A nan taubashi yana da izinin ya ja ɗan'uwansa yadda ya ga dama, ba fushi, ba kai ƙara. Ban san ko kun riƙe wannan a kurminku ba. Ƙaryar da ka yi kuwa, kai da Allahnka. Amma tunda sunan Madugu ka jawo a ciki, ba zan bari a yi mana dariya a London ba. Ɗauko biro.

Na farko, dutsen hamada ta ƙasa yake tsufa. Iska ba ta iya ɗaga yashi sama sosai, iyakarta ƙugun mutum ko kafaɗa, don haka nan take ci. Za ka ga dutse ƙato a sama, siriri a ƙasa, kamar turmin da aka sassaƙe wa ƙugu. In naka ya fi faɗi a gindi, na kurmi ka gina.

Na biyu, iskar daga arewa maso gabas take zuwa kusan kullum. Wannan gefen a share yake tas, ƙasa mai tauri da tsakuwa. Yashin yana taruwa ne a bayan dutsen, ya ja doguwar jela. Duk duwatsun jelarsu wuri ɗaya take kallo. Ko rana ta ɓace maka, ka dubi jela ka san inda ka dosa.

Na uku, abin da ya faɗo daga jikinsa. Manyan gutsattsari suna nan kusa da gindi, ƙanana sun fi nisa. Kada ka watsa su kamar mai ba kaji tsaba.

Na huɗu shi ne babba. Mu direbobi ba kyawun dutse muke dubawa ba, inuwarsa muke dubawa. Dutsen da zai ɓoye mota daga hantsi zuwa azahar yana da suna, kowa ya san shi, har rige-rige ake yi a kai. Wanda ba shi da inuwa, ko ya kai girman Dala, wucewa muke yi. In ka gama ginin ka ɗaga fitila a samansa ka ga inda mutum zai iya zama.

Itace kuma kada ka dasa ko'ina. Sai a cikin busasshiyar ƙorama, su ma 'yan ƙayoyi ne jefi-jefi.

Jibi zan tashi da lodin gero. In da sauran tambaya ka aiko, ina jin daɗin abin fiye da yadda na zata.

Taubashinka,
Zuberu Direba


Edmonton
4 ga Disamba, 1988

Yaya Zuberu,

Gaisuwa da fatan ka dawo lafiya, kuma gwiwa ta yi sauƙi. Saudatu ta warke, tana gaishe ka. Ni kuwa tun da wasiƙarka ta zo ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Na karanta ta a bas, na karanta a wurin aiki, har na wuce tashar da zan sauka.

Bari ka ji yadda ake gina dutse a London. Ka san farin soson nan mai tauri da ake cusawa a kwalin talabijin don kada ta fashe? A shagonmu zubar da shi ake yi. Yanzu kullum ina dawowa gida da shi a kafaɗa, maƙwabta na kallo. Na fara yanka shi da wuƙar burodi, sai flat ɗinmu ya cika da farin gari, har a cikin miya Saudatu ta tsince shi. Ranar ta ce ko ni ko hamada, ɗaya zai koma baranda. Mu biyun muka koma. Daga baya wani a club ya ara mini waya mai zafi da ke yanka soson sumul, ba gari, sai dai wari.

Ina manna shi hawa-hawa da farin gam, in sassaƙe ƙugun yadda ka ce, in shafe da filasta, in bi da tsohon buroshin haƙori don ya yi kaushi. Yashi na sayo a shagon magina, na tankaɗe da rariyar Saudatu ba ta sani ba. Yanzu ta sani. Mai laushin shi ne jela, tsakuwar da ta rage a rariya ita ce gutsattsarin gindi. Na zana kibiya a ƙasan kowane katako don kada jelar wani ta kalli wani wuri.

Jiya na kai guda biyar club. Na kashe fitilar ɗaki, na ɗaga tocila a samansu kamar rana. Yaya, inuwa ta faɗo. Ƙarƙashin babban dutsen ta yi wani lungu mai duhu, kowa ya sunkuyo yana kallo. Baba Ephraim ya taso a hankali, ya sa babban yatsansa a lungun, ya ce, "Nan za ka ajiye mota." Daga nan ya ɗauki wata 'yar motarsa ta dalma ya tura ta ciki da kansa. Na ji kamar in yi kuka don daɗi.

Ga takardar labaran club da Margaret take bugawa, na sa maka a ciki. Ta yi mini tambayoyi, na ɗan ƙara gishiri, ka san yadda hira take. Kada ka damu da shi.

Saura goma sha huɗu, sannan fenti. Yanzu duk farare ne fat. Wane launi ne gaskiyarsu? Littattafan laburare wani ya nuna ja, wani rawaya, na rasa wanda zan bi. Kai kaɗai na yarda da shi.

Ƙaninka,
Masawudu


Fagge
2 ga Janairu, 1989

Taubashina,

Muna lafiya, da fatan kuna haka. Gwiwa tana nan da halinta. Ka ba Saudatu haƙuri a madadina, kuma ka saya mata sabuwar rariya.

'Yata Safura tana kwalejin malamai, ita ta fassara mini takardar Margaret, muna zaune da abokan aikina a tasha. Ashe kana ɗan shekara tara ka ƙetare hamada a kan raƙumi. Ashe har ka iya gane rijiya da ƙanshi. Ni da na yi shekara ashirin da biyu a hanyar, da jarka nake tafiya. Wannan ba gishiri ka ƙara ba, buhun ka juye. Direbobi sun ce in ka zo za su ba ka jagorancin ayari.

To, Madugu ƙarami, ga launi. Saman dutse da duk inda rana ta daɗe tana duka baƙi-baƙi ne mai ɗan sheƙi, kamar gindin tukunya. Inda ya fashe kwanan nan, cikinsa ja ne mai haske, wani wurin kamar garin ƙuli-ƙuli. Ƙugun da iska take ci ya fi ko'ina haske. Yashi kuma ba rawaya ba ne irin na littafi, ya fi kusa da fatar gyaɗa.

Saura abu ɗaya, wanda ba za ka samu a littafi ba, sai wanda ya ƙetare a kan raƙumi irinka. Duk dutsen da ke bakin hanyar ayari, gefensa na gabas shuɗi ne. Dalili kuwa, shekaru aru-aru Buzaye suna jingina a nan su huta, rawunansu da rigunansu duk rinin shuni ne, shi ya kama jikin dutsen har ya zauna. Da shi ake gane hanya. In ka bar wannan, duk wanda ya san hamada zai ce ba ka je ba.

Zan yi doguwar tafiya, siminti za mu kai can gaba da Agadas. Allah ya ba da sa'a.

Taubashinka,
Zuberu


Edmonton
29 ga Janairu, 1989

Yaya Zuberu,

Ina gaisuwa, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Mu nan ƙalau. An sayi rariya.

Maganar shuni ta tayar da club tsaye. Ban taɓa jin abu mai kyau irin wannan ba. Da na karanta sai na ga kakanninmu da idona, sun sauke kaya, sun jingina, raƙuma na tuƙa. Saudatu ta karɓi wasiƙar ta karanta sau biyu, ta ce, "Anya? Wasiƙar taubashi ce fa." Na ce mutumin da ya ba ni ƙugu da jela da inuwa, duk suka fito daidai, shi zai yi mini wasa? Ta ce to, ita dai ta faɗa.

Duka goma sha tara sun tsaya. Na fara da baƙin ƙasa-ƙasa ko'ina, na bi da ja a cikin tsagogi. Sannan akwai wata dabara da na koya a nan: ka tsoma buroshi a fenti mai haske, ka goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ka riƙa shafawa sama-sama. Sai duk wani kaushi ya fito kamar an haska shi. Shuɗin kuwa kala uku na haɗa kafin na samu irin na rawani. Na shafa wa guda goma sha ɗaya da ke bakin hanya, daidai tsayin kafaɗar ɗan soja in ya zauna. Ga hoto nan ka gani.

Na ba su labarin kamar yadda ka ba ni, sai dai na ce da idona na gani. Margaret ta ba shi shafi biyu a takardar wannan wata. Wani ma ya kawo sabuwar doka a wasan, duk rundunar da ta bi shuɗin dutse ba za ta ɓata ba. An yi booking ɗin mota da za ta ɗauki teburin, an ba mu wuri kusa da ƙofar shiga, inda kowa zai fara gani.

Baba Ephraim ne kawai ban gane masa ba. Ya daɗe a tsaye a kan shuɗin. Ya ce, "Gabas ka ce?" Na ce gabas. Ya ce, "Kowanne?" Na ce duk na bakin hanya. Ya koma ya zauna, ranar ko wasa bai buga ba. Ina jin tsufa ne.

Ka gaya mini yadda ka ga hoton.

Ƙaninka,
Masawudu


Edmonton
26 ga Fabrairu, 1989

Yaya,

Lafiya kuwa? Wata guda ke nan ba amsa. Kullum sai na duba ƙofa kafin in cire takalmi. In maganar raƙumi ce ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri, bayan baje-kolin ba zan ƙara ba. Ko hoton ne bai yi ba?

Teburin ya haɗu, har da busasshiyar ƙorama da 'yan ƙayoyi da na yi da wayar lantarki. Saura mako uku. Baba Ephraim ya yi Asabar biyu bai zo ba, an ce ba ciwo yake yi ba. Ko layi biyu ne ka aiko.

Masawudu


Fagge
4 ga Maris, 1989

Masawudu,

Jiya da la'asar na shigo gari, mota ta karye mana a hanya muka yi kwana goma sha shida muna jiran ƙarfe. Lafiya lau nake. Na tarar da wasiƙarka da hoto. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, ka yafe ni.

Babu shuɗin dutse a hamada. Ko ɗaya. Ni na ƙirƙira shi a tasha, direbobi na dariya. Na ga ka hau raƙumi kana ɗan shekara tara, na ce bari in ba Madugu ƙarami abin da zai sa ya ce, haba Yaya, wannan kuma fa? Duk yaron Fagge da ya ji taubashinsa ya fara da "ba za ka samu a littafi ba" ya san an fara zolayarsa. Na ɗauka za ka gane. Na manta cewa ku can ba a yi muku irin wannan wasa ba, kuma ba ka da abin da za ka auna maganata da shi. Saudatu ta fi mu hankali, ni da kai.

Da na ga hoton na yi dariya har na ƙware, daga baya kuma dariyar ta tsaya. Aikin ya yi kyau, Masawudu. Wallahi dutse na biyu daga hagu na san shi, na sha kwana a gindinsa. Sai ga shi na sa ka shafa masa bula kamar farar riga. Ni na ce ba zan bari a yi mana dariya a London ba, ni kuma na kawo abin dariyar.

Duk sauran abin da na gaya maka gaskiya ne. Shuɗin kaɗai za ka goge. Yadda za ka yi da mutanenka kuwa ban sani ba, tunda ka ce musu da idonka ka gani.

Ban yarda da gidan waya ba. Wani ɗan kasuwa zai tashi zuwa London mako mai zuwa, shi na ba ya jefa maka a akwatin can. Allah ya sa ta riga ranar.

Taubashinka mai laifi,
Zuberu


Edmonton
20 ga Maris, 1989

Yaya Zuberu,

Alhamdu lillahi da ka fito lafiya. Kwana goma sha shida ba wasa ba, Allah ya kiyaye gaba. Muna lafiya. Saudatu ta ce in gaya maka ba ta ce komai ba, kuma tun ranar Talata take ta rashin cewa komai da ƙarfi.

Ranar Talata wasiƙarka ta zo, saura kwana huɗu. Na zauna a kan matakala na karanta. Na fara jin haushinka, amma bai yi minti biyar ba ya dawo kaina. Goge shuɗi aikin yini ɗaya ne. Sai dai in na goge dole a tambaye ni dalili. In na bari kuwa, ba lallai wani ya gane ba. Ba zan ɓoye maka ba, na yi niyyar in bari.

Abin da ya hana ni shi ne kujerar Baba Ephraim da ta yi Asabar huɗu ba kowa. Ranar Laraba da rana na ɗauki izini a wurin aiki, na hau bas zuwa Whitechapel. Gidansa yana bayan kasuwa, hawa na biyu. Ya buɗe, ya dafa shayi. A kan teburinsa na ga tsofaffin hotuna baje, da gilashin ƙara girma.

Ban taɓa shayin ba na ce, "Baba, ban taɓa ganin hamada ba."

Ya ce, "Na sani. Tun ranar farko. Ka ce da dare zafi yake hana ku barci. Mu da manyan riguna biyu muke kwana, haƙora na kaɗawa."

Na ce to me ya sa bai tona ni ba?

Ya ce, "Don na ga duwatsun. Shekara arba'in da biyar ban ga wanda ya yi su daidai ba sai kai. Na san akwai mai ido a bayanka, kuma direba ne, don direba ne kaɗai zai damu da inuwa. Me zan ci da tona ka?"

Sai na gaya masa sunanka, na gaya masa shuɗin wasa ne tsakanin 'yan'uwa, babu shi. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya nuna hotunan.

Ya ce, "Mako shida ina duba waɗannan. Duk baƙi da fari ne, ba su gaya mini komai ba. Na ce mutumin da ya san ƙugu da jela ba zai yi kuskuren launi ba, ke nan ni ne na manta. Shekara uku na yi a can. Abokaina biyu suna kwance a gindin irin waɗannan duwatsu. Na ce in har na manta launin wurin da na binne su, me kuma na manta? Waɗanda zan tambaya duk sun mutu."

Yaya, na sha jin kunya a rayuwata, ban taɓa jin irin wannan ba. Ni ina tsoron a yi mini dariya, ashe na sa dattijo yana tuhumar kansa. Na durƙusa na ba shi haƙuri irin na gida, har ya rasa yadda zai yi da ni. Can sai ya fara dariya, yana share ido, ya ce, "Ke nan babu shuɗi." Na ce babu. Ya ce, "To tashi, shayinka ya huce, kuma muna da fenti a gaba."

Alhamis da Juma'a tare muka yi a barandarmu, shi yana haɗa kala, ni ina shafawa. Saudatu ta yi masa tuwo, ya ci da cokali.

Ranar Asabar da safe a wurin baje-kolin, kafin a buɗe ƙofa, aka yaye mayafin tebur. Margaret ta ce ina shuɗin? Na tsaya a gabansu su goma sha biyu na faɗi komai, daga Kumasi har raƙumi. Wasu sun yi dariya, mutum biyu ba su yi mini magana ba duk yinin, kuma ban ga laifinsu ba. Margaret ta ce shafi biyu ta ɓata a kaina, don haka shafi biyu zan rubuta na gyara, da hannuna. Ta ɗauko kati ta rubuta cewa Zuberu, direban Kano zuwa Agadas, shi ya ba da siffar duwatsun, ta kafa a gefen tebur.

Ba mu ci kofi ba, wasu masu jiragen ruwa suka ci. Amma mutane sun yi dafifi a kanmu har yamma, Baba Ephraim yana tsaye da tocila yana nuna musu inda ake ajiye mota. Asabar mai zuwa zan hau benen. Ban san ko za a ajiye mini kujera ba, amma zan hau.

Ban yi fushi ba, an ce ba a yi da taubashi. Ina dai koyo.

Ƙaninka,
Masawudu


Fagge
16 ga Afrilu, 1989

Taubashina,

Barka da shan ruwa, da fatan azumi yana zuwa muku da sauƙi. Muna lafiya.

Na karanta wasiƙarka ni kaɗai, ban kai ta tasha ba. Ka je wurin dattijon nan ka ce direba yana gaida direba, kuma ina neman gafararsa. Da kai na yi wasa, ban san zai faɗa a kansa ba. Ka ce masa bai manta komai ba.

Kai kuma ka yi abin da ya fi gina dutse wuya. Na gaya wa dattawan gida, sun ce yanzu sun yarda jinin Madugu ne.

Ka nemi hutu a watan Disamba. Ka sauka a Kano, ka kwana biyu a gidan kakanka, rana ta uku mu tashi. Kujerar da ke gefena ba kowa daga nan har Agadas. Zan tsaya maka a gindin na biyu daga hagu, ka sa hannunka a ƙugunsa, ka zagaya ta gabas ka duba da kanka. Bayan nan in Margaret ta tambaye ka, ka faɗi abin da ka gani.

Ka taho da bargo biyu. Wannan ba wasa nake yi ba.

Zuberu